Kalmar sirrina daidai ce, amma saba ta ƙi barina in shiga

Tambayar ta zo daga wani matashi a Aboabo, nan Kumasi, a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet da imel. Ga ta a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata saba da muka yi haya, mai WHM da cPanel (manhajojin kula da saba ta burauza). A kanta akwai shafin makarantar Islamiyyarmu da na wasu shaguna biyu, da imel na malamai. Makon jiya na canza wa malamai kalmomin sirrin imel ɗinsu. Tun shekaranjiya idan na zo shiga daga ofis sai ta ce 'The login is invalid', kuma na tabbata ban yi kuskure ba. Jiya kuma shafin ma ya daina buɗewa gaba ɗaya, sai ya yi ta juyawa. Da na gwada da datar wayata na shiga, amma bayan 'yan mintuna ta fitar da ni, wai lambar IP ɗina (lambar da nake fita intanet da ita) ta canza. Kutse aka yi mana ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, a cikin abin da ka lissafa ban ga alamar kutse ba. Masu gadin sabarka ne suke aikinsu, sai dai mai gida suka kama. Kafin komai, ka daina gwada kalmar sirrin daga ofis. Kowane gwaji da ka ƙara, ƙara wa kanka kwanakin ɗauri kake yi.

Ka ɗauki saba kamar babban gidan haya na Zango: akwai ƙofar waje, akwai zaure, sannan ga ƙofar ɗakinka. Kowace ƙofa da mai tsaronta, kuma kowane mai tsaro da irin yadda yake korar mutum. Abubuwa uku ka gani, kuma masu gadi uku ne daban suka yi maka su. Shi ya sa nake yawan roƙon masu tambaya su kawo mini ainihin rubutun da ya fito a allo, domin "ta ƙi shiga" ba ta gaya mini a wace ƙofa aka tsayar da mutum.

Na farko, wanda ya ce maka "The login is invalid", shi ne cPHulk. Yana zuwa ne tare da cPanel, aikinsa ƙirga kuskuren shiga. Idan ba a taɓa saitinsa ba, lambar IP ɗaya ta yi kuskure sau 5 a cikin minti 15 sai ya rufe ta, idan kuskuren ya kai 30 ya rufe ta yini guda. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba ya faɗa maka cewa ya rufe ka. Ko ka sa kalmar sirri daidai, amsar da zai ba ka ita ce wadda zai ba ɓarawo, kuma da gangan aka yi shi haka don kada mai lalube ya gane cewa ya dace. Sannan ba ƙofar WHM kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana lissafa kuskuren cPanel, da na imel, da na FTP (hanyar ɗora fayiloli), da na SSH (hanyar ba saba umarni a rubuce daga nesa), duk a kan lamba ɗaya.

A nan ne canjin da ka yi makon jiya ya shigo, kuma ina da yaƙinin shi ne tushen abin. Ka canza wa malamai kalmar sirri a saba, amma wayoyinsu da kwamfutocinsu suna riƙe da tsohuwar. Manhajar imel ba ta gajiya. Duk bayan 'yan mintuna za ta ƙwanƙwasa da tsohuwar kalmar, a kore ta, ta sake dawowa. Idan wayoyin malamai uku ko huɗu suna kan Wi-Fi na ofis, a idon saba duk mutum ɗaya ne, domin da lambar IP ɗaya suke fita. Kafin a tashi daga darasin safe sun cika ƙidayar. Kai da ba ka yi laifin komai ba ka zo da kalmarka mai kyau, aka haɗa da kai. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na taɓa kwana biyu ina fama da irin wannan a wani ofis da ke kusa da Asawase. Mun gyara wayar kowa, mun cire toshiyar, bayan awa ɗaya ta dawo. Ashe wani tsohon tablet ne a cikin durowar mai karɓar kuɗi, an bar shi a jone da caja tun watanni, babu mai taɓa shi, yana ta neman imel na wata ma'aikaciya da ta riga ta bar aiki. Abin da ya ƙara rikita mu a lokacin shi ne dumso, wato yawan ɗauke wuta. Duk sanda aka ɗauke wuta rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, ta mutu ta tashi, sai ta samu sabuwar lambar IP, komai ya koma daidai, mai ofis ya kira ni ya ce ai ta gyaru. Bayan an jima sabuwar lambar ma ta shiga baƙin littafi.

Na biyu, wanda ya sa shafin ya daina buɗewa, yana ƙofar waje: katangar tsaro. A yawancin sabobin cPanel da nake gani, CSF ce, tare da abokin aikinta LFD mai karanta rajistar saba yana neman masu yawan kuskure. LFD bai damu da cPHulk ba, nasa lissafin daban yake yi. Idan ya gaji da lamba sai ya sa ta a katanga, daga nan duk abin da ya fito daga ofishinku zubar da shi ake yi ba tare da amsa ba. Shi ne juyawar da ka gani. Na tabbata idan ka tambayi malamai za su ce maka jiya ko shafin makarantar ba ya buɗe musu a ofis, amma yana buɗewa a gida.

Ka riƙe bambancin nan, zai yi maka amfani har gaba. Idan burauza ta daɗe tana juyawa sannan ta ce lokaci ya ƙure, galibi katanga ce ta haɗiye saƙonka, ko kuma hanyar intanet ce ta yanke a wani wuri, kamar yadda muka gani ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace ƙasar nan ta shiga wahalar intanet. Idan kuma nan take ta ce "connection refused", to saƙonka ya isa amma babu mai amsawa a wannan ƙofa: ko manhajar ta mutu, ko ka rubuta lambar ƙofa ba daidai ba. WHM tana kan 2087, cPanel 2083, imel na burauza 2096. Idan shafin ya buɗe ya nuna 403, an gane ka, wata doka ce ta hana ka. Gwajin da ka yi da datar waya shi ne gwaji mafi arha a wannan sana'a, kuma ka yi dabara: tunda ta buɗe ta can, sabar lafiyarta ƙalau, lambar ofis ce take da matsala.

To yanzu gyara. Da farko ka san lambar ofis. Ba wadda take farawa da 192.168 ba, wannan ta cikin gida ce. Ka hau Wi-Fi na ofis ka tambayi Google lambar IP ɗinka, ko ka buga curl ifconfig.me a tamina, wato allon buga umarni. Ka rubuta ta a takarda. Zan yi misali da 203.0.113.25, kai kuma ka sa taka.

Ka shiga ta datar waya, amma ta SSH, domin SSH ba ta da wannan korar da burauza ta yi maka. Ka fara da tambayar katanga:

csf -g 203.0.113.25

Za ta nuna maka ko lambar tana cikin waɗanda aka toshe, kuma sau da yawa da dalilin a gefe, misali kuskuren IMAP (hanyar karɓar imel) sau kaza. Kada ka yi saurin cirewa kafin ka karanta dalilin. Idan toshiyar dindindin ce, csf -dr da lambar zai cire ta. Idan ta ɗan lokaci ce, csf -tr. Sai ka juya wajen cPHulk:

whmapi1 flush_cphulk_login_history_for_ips ip=203.0.113.25

Idan ka fi son linzami a kan rubutu, duka biyun suna cikin WHM: cPHulk yana ƙarƙashin Security Center, inda History Reports zai nuna maka wane suna ne yake ta kuskure, CSF kuma tana ƙarƙashin Plugins.

Amma duk wannan sharar ƙofa ce, idan ba ka gano na'urar da ke jawo abin ba gobe ma za ka dawo. Ka nemi lambar a rajistar imel:

grep 203.0.113.25 /var/log/maillog | grep "auth failed"

Kowane layi zai nuna adireshin imel ɗin da aka ƙi. Na turawa kuma suna cikin /var/log/exim_mainlog, ka nemi "Incorrect authentication data". Mutane suna mantawa cewa a manhajoji da yawa kalmar sirrin karɓa da ta turawa wuri biyu ake sa su, sai a gyara ɗaya a bar ɗaya. Da ka ga sunayen, ka bi masu su ɗaya bayan ɗaya, ka karɓi waya a hannunka ka gyara da kanka. Kada ka yarda da "ai na canza". Ka tambayi kowa ko akwai wata tsohuwar waya ko kwamfuta da ya taɓa sa imel ɗin a kai. Kuskuren shiga WHM da cPanel su kansu suna cikin /usr/local/cpanel/logs/login_log, na SSH kuma /var/log/secure idan AlmaLinux kake, ko /var/log/auth.log idan Ubuntu ce. Idan kana son ka cire wa zuciyarka zargin kutse, nan za ka duba ko wata baƙuwar lamba ta yi nasarar shiga. Dubban gwaji da suka faɗi daga ƙasashe daban-daban kada su tsorata ka, duk saba mai fuskantar intanet haka take kwana tana tashi.

Saura na uku, wanda ya fitar da kai bayan ka shiga. Wannan wani saiti ne mai suna Cookie IP validation. Idan ka shiga, saba tana ba burauzarka shaidar zama, ta ɗaura ta da lambar IP da ka zo da ita. Idan lambar ta canza a tsakiyar zama, sai ta ɗauka wani ne ya sace shaidar, ta kore ka. A ƙasar da kowa ke da tsayayyar lamba a gida wannan tsari ne mai kyau. Mu nan da yawancinmu da datar MTN ko Telecel ko AT muke aiki, yana cutar da mu. Lambobin IP na tsohon tsari, IPv4, sun yi ƙaranci a duniya, AFRINIC mai raba su a Afirka ta shiga zangon ƙarshe na rabon abin da ya rage mata tun Janairun 2020. Don haka kamfanonin waya suna tara dubban mutane a bayan 'yan lambobi kaɗan, abin da ake kira CGNAT, kuma lambar da kake fita da ita tana iya canzawa kana zaune wuri ɗaya, balle kana cikin trotro daga Aboabo zuwa Kejetia.

Saitin yana cikin Tweak Settings, sashen tsaro, da zaɓi uku. Strict yana son lambar ta zauna daram. Loose yana haƙuri muddin kashi uku na farkon lambar ba su canza ba. Disabled ya kashe binciken ɗungurungum. Ka fara da loose. Idan har yanzu ana korarka, domin wani lokaci layin waya yana tsallakawa da kai zuwa wani rukunin lambobi daban, ni a ganina gara ka kashe shi ka kunna tantancewa mai mataki biyu (kalmar sirri da lambobi shida daga waya), da ka bar shi yana korar masu shagunan da kake yi wa aiki har su fara ajiye kalmar sirri a takarda kusa da kwamfuta don gajiya da sake shiga. Wani abu kuma: idan sunan shafin yana bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyara, kada ka shiga WHM ta wannan suna. Ka yi amfani da sunan sabar kanta wanda ba ya bi ta can, domin bi ta Cloudflare yana iya jawo wannan korar.

Za ka ji wasu sun ce ka sa lambarka a jerin amintattu ka huta. Ka yi hattara da wannan shawara. Idan ofishinku yana da tsayayyar lamba da kuke biya, to madalla, ka sa ta a jerin cPHulk, ka sa ta a CSF. Ka lura CSF fayil biyu gare ta: csf.allow yana buɗe ƙofa, csf.ignore kuma shi ne yake hana LFD sa wa lambar ido, kuma rubutun da ke saman csf.allow ɗin kansa ya yi wannan gargaɗi. Amma lambar datar waya kada ka kuskura ka amince da ita. Yau taka ce, gobe ta wani ce a Tafo ko Tamale, kuma ko a yau ɗin ba kai kaɗai ke amfani da ita ba. Wannan rabon lamba yana da wata illa ta baya ma: wata rana za a toshe ka a kan laifin wanda ba ka taɓa gani ba, don kawai kun fita ta lamba ɗaya. Idan haka ta faru, ka sa wayar a yanayin jirgin sama na 'yan daƙiƙu ka cire, sau da yawa za ka samu wata lambar.

Mafitar da nake ba duk mai kula da saba daga nan ita ce ya mallaki tsayayyar lamba tasa ta wata hanya. Ka yi hayar ƙaramar saba mafi arha, ka ɗora mata WireGuard, manhajar VPN mai sa ka fita intanet da lambar wannan sabar, duk sanda za ka yi aikin kulawa ka bi ta cikinta. Lambarta ba ta canzawa, ita za ka sa a jerin amintattu, kuma matsalar korar tsakiyar zama ta ƙare, ko kana ofis ko kana gida ko ka je biki Accra. Wanda ba zai iya wannan ba, CSF tana da fayil csf.dyndns da ke bin suna maimakon lamba, yana taimakawa ga rautar ofis mai canza lamba bayan an ɗauke wuta, amma ba ya magance rabon lamba da baƙi.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka buga csf -x ka kashe katangar, ka kashe cPHulk, ka ce ai yanzu kowa yana shiga. Na ga sabobi da yawa da aka kashe musu tsaro "na minti biyar" aka manta har shekara. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka kuma toshe ƙasashe: wasu suna rufe duniya su bar Ghana kaɗai, sai ranar da suka kunna VPN ko suka yi tafiya Lome su tarar sun kulle kansu a waje, kuma rumbunan da ke faɗin ƙasar kowace lamba suna yin kuskure.

Idan ka wayi gari ko SSH ɗin ma ta ƙi ta kowace hanya fa? Kamfanin da ya ba ka hayar saba yana da konsol a shafinsa, wasu suna kiransa VNC. Wannan kamar ka zauna gaban injin ne da allo da madannai, katanga ba ta shafe shi. Ka shiga da root, babban asusun mai cikakken iko a kan saba, ka buga umarnan da na ba ka a sama. Umarnin whmlogin kuma zai ba ka mahaɗin shiga WHM na amfani sau ɗaya. Ka gwada konsol ɗin nan yau da komai yake hannunka, ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinsu ba sa karɓar kwafi da liƙawa yadda ka saba, wani lokaci alamomi irin su @ da # suna fita daban, kuma mutumin da ya dogara da mabuɗin SSH shekara biyu yakan tarar ya manta kalmar root ɗin ma.

Akwai wasu dalilai da ba su yi kama da naka ba, amma tunda kana wannan aiki za ka haɗu da su. Idan ka sa kalmar sirri shafin ya dawo da kai farko ba tare da wani saƙo ba, ka duba ko faifai ya cika, da df -h da kuma df -i, domin saba ba ta iya rubuta shaidar zama idan babu wuri. Idan lambobi shida na tantancewa suna ta faɗuwa, agogo ne: lambar tana canzawa duk daƙiƙa 30 bisa lokaci, don haka idan agogon wayarka ko na sabar ya kauce sai su saɓa. Ka sa wayar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta, ka duba na saba da timedatectl. Idan kuma saƙon ya ambaci lasisi, lasisin cPanel a ɗaure yake da lambar IP ta saba, ka tabbatar an biya sannan ka buga /usr/local/cpanel/cpkeyclt. Idan ba cPanel ce a kan sabar ba: mai Plesk ƙofarsa 8443, mai gadinsa fail2ban, kuma plesk login yana ba shi mahaɗin shiga. Mai Webmin ƙofarsa 10000, dokar lambobin da aka yarda da su tana layin allow a cikin /etc/webmin/miniserv.conf. Sunaye ne suka bambanta, tambayar dai ita ce a wace ƙofa aka tsayar da kai.

Duk bayanin nan na yi shi ne a kan cewa kana da root. Idan asusun dillali ne kawai kake da shi a sabar wani kamfani, ba za ka iya buga ko ɗaya daga cikin umarnan ba, sai ka rubuta musu. Ka ba su lambar IP ta ofis, da ainihin saƙon da ka gani, da lokacin da abin ya fara. Mun yi sa'a agogon Ghana daidai yake da GMT duk shekara, don haka ka rubuta GMT a gaban lokacin, ba sai sun yi lissafi ba. Kuma ka roƙe su kada su tsaya a cire toshiyar, su turo maka layin rajistar da ya jawo ta, domin a cikinsa sunan imel ɗin yake.

Gobe da safe kafin ka cire toshiyar, ka kashe Wi-Fi na ofis ko ka canza kalmarsa na ɗan lokaci, don wayoyin malamai su sauka daga kai. Ka gyara su ɗaya-ɗaya, kana mayar da kowace bayan ka ga imel ɗinta ya shigo kuma ya fita. Ka bar tail -f /var/log/maillog a buɗe a gefe yayin da kake yi. Idan ka gama da kowa amma har yanzu "auth failed" yana fitowa daga lambar ofis, ka buɗe shafin rautar ka ƙirga na'urorin da ke jone, ka kwatanta da waɗanda ke gabanka. Ka turo mini abin da csf -g ya nuna maka, ka rufe lambar da sunayen imel kafin ka turo, in duba ko akwai wani abu bayan wannan.